Asalin Gidan Gawasa

Nabil ne ya tayar da maganar, ranar wata Asabar da hantsi, saura mako uku a ɗaura auren ƙanwarsa Muhibba. Daga Ingila ya zo don bikin, kuma tun da ya sauka bai zauna wuri ɗaya ba. Ya shigo falon mahaifinsa da waya a hannu, ya durƙusa ya gaishe shi a gurguje.

"Abba, ka san mu nawa ne a duniya?"

Alhaji Mahmudu Gawasa ya ɗago kai daga jarida, ya dube shi ta saman tabarau. "Mu su wa?"

"Masu sunan Gawasa. Akwai shafin da ke ƙirga sunayen dangi a intanet. Mu hamsin da bakwai ne kacal. Hamsin da uku a Najeriya, huɗu a Ingila, wato ni da Najla da yara. A gurbin ma'anar suna kuwa sun rubuta wai ba a sani ba."

"Su zo kasuwar Rimi su tambayi masu tallar gawasa mana," in ji Alhaji.

Nabil ya yi dariya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Za a buga ɗan littafin addu'o'i a raba wa jama'a ranar ɗaurin aure, yana so shafin farko ya zama tarihin sunan gidansu: inda ya fito, abin da yake nufi, da jerin kakanni. Mai ɗab'i yana jira zuwa Laraba. Shafi ɗaya kawai yake roƙo.

Alhaji ya ce to. Shekara talatin da biyar ya yi yana rubuta wa gwamnati takardu, har ya yi ritaya yana babban sakatare, shafi ɗaya ba zai gagare shi ba. Labarin ma kowa a gidan ya haddace shi. Gawasa wani ƙauye ne can gabas, a ƙasar da yanzu take Jigawa, itatuwan gawasa da ke fadamarsa suka ba shi suna. Dagacin garin, Malam Isiyaku, ya sa ɗansa Abdulƙadir a makarantar boko a 1934. Yaron ya yi elementare, ya yi Midil a Kano, ya zama ma'aikaci, da Turawa suka tafi aka ba shi wannan gida na Nasarawa. Ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, Mahmudu ne babba.

Ya ɗauki biro ya rubuta layi uku, sai hannunsa ya tsaya. Wace ce mahaifiyar babansa? Wane ne mahaifin Dagaci Isiyaku? Bai sani ba. Yana da shekara saba'in da biyu, bai taɓa taka Gawasa ba, mahaifinsa kuma bai taɓa kai ko ɗaya daga cikinsu ba. In an tambaye shi sai ya ce gari ya watse tun farin 1973, babu abin gani sai kaburbura. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar. Mutum ne da in abu bai daidaita a kansa ba, ko shayi ba ya yi masa daɗi. Ya zura takalmi ya nufi lambu, wurin Malam Lawan.

Malam Lawan shi ne mai kula da lambun gidan. Mutumin Gawasa ne, ya zo Kano a shekarar farin nan yana saurayi, tare da mahaifinsa, wani dattijo mara yawan magana da yaran gida suke kira Baba Takwara saboda shi ma sunansa Abdulƙadir. Baba Takwara ya yi lambu har ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Iyalin Lawan suna Kaura Goje, kullum da safe yake zuwa a kan keke.

Akwai wata al'ada a gidan da Alhaji ya gada bai taɓa tambayar dalilinta ba. Kowace Sallah, kafin kowa ya gaishe da maigida, maigida ne yake fita ɗakin lambu, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya gaishe da mai lambu. Cinyar farko ta ragon layya ma can take zuwa. Da mahaifinsa zai rasu, wasiyyar da ya fi nanatawa ita ce kada a taɓa sallamar Lawan, kada kuma a bari ya durƙusa wa kowa a gidan. Alhaji ya ɗauka tawali'u ne irin na mutanen da.

Ya same shi a gindin itaciyar gawasar da Baba Takwara ya shuka, wadda shekara hamsin ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba, don ƙasar nan ba irin tata ba ce. Suka gaisa, suka taɓa maganar ruwan famfo da ba ya zuwa. Sannan Alhaji ya zauna a kan benci ya faɗa masa buƙatarsa.

"Kai ne ka taso a garin. Lissafo mini kakannin Dagaci Isiyaku in rubuta."

Malam Lawan ya ajiye tiyo, ya je ya kashe famfo, ya dawo. Ya lissafo su tiryan-tiryan, mutum biyar, har zuwa wanda ya fara haƙa rijiya a fadamar. Alhaji yana rubutawa yana mamaki.

"Kai, Malam Lawan, ka fi ni sanin kakannina."

Lawan bai yi dariya ba. Ya tsura wa jiƙaƙƙiyar ƙasa ido.

"Alhaji, wannan takarda bugawa za a yi?"

"Guda dubu."

"Da addu'o'i a ciki? Da sunan Allah?"

"Ƙwarai."

Dattijon ya nisa. "Da a baki za a faɗa, da na yi shiru kamar yadda na saba. Amma a haɗa shi da sunan Allah a buga, da hannuna a ciki, ina tsoro. Waɗannan da na lissafo maka kakannina ne, Alhaji. Ba naka ba ne."

Wata mota ta wuce a titi, karen maƙwabta ya yi haushi ya gaji. Lawan ya ci gaba da muryar da bai ɗaga ba.

"Bature ya aiko wa hakimi, hakimi ya aiko wa dagatai, kowa ya kawo ɗansa na cikinsa a sa shi makaranta. A lokacin an ɗauka duk yaron da ya shiga nan ya bar sallah ke nan. Kakana ya ɓoye babana a rumbun dawa, kwana biyu ana miƙa masa fura ta sama. Ya kira Mato, mai yi wa dokinsa ciyawa, ya ce ya kawo ɗansa Tanko, don sa'o'in juna ne da babana. Aka yi wa Tanko aski, aka sa masa rigar babana. Aka ce masa daga yau sunanka Abdulƙadir, ubanka dagaci. In ka faɗi wani abu daban, za a tuɓe maigida, ubanka kuma ya rasa wurin kwana. Yana da shekara takwas. A ajinsu akwai Abdulƙadir uku, sai malami ya ƙara masa sunan gari don a bambance. Daga nan Gawasa ya fito."

"Mato," in ji Alhaji a hankali. "Matarsa Ladi?"

Lawan ya ɗago kai. "A ina ka ji?"

A ina kuwa bai ji ba? Tun yana yaro, in mahaifinsa ya idar da sallar asuba, yakan yi wa dagaci addu'a da ƙarfi, sannan ya sassauta murya ya ce Allah ya jiƙan Mato da Ladi. Mahmudu ya taɓa tambaya, aka ce masa wasu bayin Allah ne da suka yi masa hidima yana ƙarami. Da addu'ar ta dawo bakinsa bayan rasuwar tsohon, sai ya riƙe dagaci ya saki sauran biyun. Shekara ashirin da huɗu ke nan.

"Shi Mato, wane ne shi a gidan?"

"A gidan aka haife shi. Uwarsa sayenta aka yi, kafin zuwan Turawa." Lawan ya faɗe shi a miƙe, bai yi masa kwana-kwana ba. "Ya rasu babanka yana Midil. Babanka ya nemi izinin zuwa gaisuwa, shugaban makaranta ya duba rajista ya ce ubanka dagaci yana nan da ransa, ba a ba da hutu don mutuwar bara. Bai ga kabarin ba sai da damina ta wuce."

"Me ya hana shi faɗa mana?"

"Babana ne ya hana shi. Da sarauta ta bar gidanmu, rijiyoyi suka ƙafe, nan muka zo, don ba mu san kowa a Kano ba sai shi. Babanka ya yi kuka a ƙofar can. Ya ce mu shiga cikin gida, zai tara ku ya faɗi gaskiya. Babana ya ce a'a, a ba shi fartanya, ba zai ci abincin da bai yi wa aiki ba. Ya ce, Tanko, in ka faɗa, duk wanda ya shigo gidan nan zai san ɗan dagacin Gawasa ne yake maka ban ruwan fulawa. Ka ci sunana, na yafe, ka bar mini wannan kaɗai." Ya dubi Alhaji. "Ni ma abin da zan roƙe ka ke nan. 'Ya'yana ba su sani ba. Ƙaramin yana tuƙa adaidaita, hankalinsa kwance. Ban ga abin da zan ƙara masa ba in na ce masa jikan sarauta ne."

Alhaji ya koma falo. Abin da ya fara faɗo masa shi ne fuskar Alhaji Abdulbaqi, yayan mahaifin Hanif, saurayin da zai auri Muhibba. Gidan malamai ne na cikin birni da suka dawo Giginyu da zama, masu ji da asalinsu. Abdulbaqi ne ya jagoranci neman auren, a wannan kujerar ya zauna ya ce sun yi bincike, yarinya jikar dagaci ce, 'yar asali gaba da baya, shi ya sa ba su tsaya dogon tunani ba. Ran nan Alhaji ya ji daɗin maganar har cikin ransa.

Kwana biyu ya yi yana juya abin. Wa ya cuci wa? Dagaci ya miƙa ɗan baransa ga abin da ya ɗauka wuta ce don ya tsirar da nasa, sai wutar ta zama gida a Nasarawa, wanda aka tsirar kuma ya ƙare da fartanya. Ba za a kira Tanko ɓarawo ba, yaro ne aka yi wa aski aka ba shi umarni. To amma shi Mahmudu fa, da ya riga ya ji? Ya sha jin malamai suna tsoratarwa a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba. Jiya yana da uzurin rashin sani, yau ba shi da shi. In ya yi shiru, an ƙulla aure a kan abin da mutanen can suka ɗauka gaskiya ne. In ya yi magana, yana iya rushe wa 'yarsa abin da ta shekara uku tana jira, a kan laifin da aka yi shekara tasa'in da suka wuce, wanda ko kakanta ba shi ya yi ba.

Da ya faɗa wa matarsa, Hajiya Fatsuma, tana cikin ƙirga atamfofin anko. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye turmin da ke hannunta.

"Allah sarki, Baba. Ashe abin da ya sa ba ya son a yi masa kirari ke nan." Ta share ido da gefen mayafi, sannan muryarta ta koma yadda ya san ta. "Alhaji, shekara arba'in da biyar ina gidan nan, ban taɓa ganin dagacin nan a cikin tukunyata ba. Ni bai rage ni da komai ba. Amma ka san Abdulbaqi. Ka bari a ɗaura, in ya so ka tara duniya ka faɗa."

"In an ɗaura sannan suka ji, wa za su yi wa gori? Ni ko ita?"

"To wa zai faɗa musu? Malam Lawan da ya yi shekara hamsin da abin a ciki?"

Gaskiyarta, babu mai faɗa. Wannan ne ma ya fi damunsa. Da akwai tsoron tonuwa, da sai ya ce dabara ce ta sa shi magana, ya huta. Babu abin da ke tura shi sai mutum biyu da suka daɗe a ƙasa, waɗanda kusan duk mutum hamsin da bakwan nan suka fito daga jikinsu, babu ko ɗaya da ke ambatonsu.

Ranar Talata da yamma Muhibba ta dawo daga asibitin da take aikin likita. Ya kira ta baranda, ya ba ta labarin duka, bai rage ba sai abu ɗaya: bai faɗa mata abin da ya zama na yaron da aka ɓoye a rumbu ba. Ta zauna tana murza igiyar katin aikinta.

"Abba, in na ce kada ka faɗa, za ka yi shiru?"

"Zan yi. Aurenki ne. Sai dai ba zan rubuta shafin ba."

"Ladi ta sake ganinsa?"

"In ya zo hutu. A gaban mutane da 'ranka ya daɗe' take gaishe shi."

Muhibba ta kau da kai wajen lambu. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Ni zan faɗa wa Hanif da kaina. Kai kuma ka je wurin Baba Abdulbaqi. Ina tsoro, Abba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba na so in haifi ɗa in riƙa kallon bakin dangin ubansa ina jiran ranar da za su ji."

Washegari bayan la'asar ya tuƙa kansa zuwa Giginyu. Alhaji Abdulbaqi ya karɓe shi da fara'a, aka kawo ruwa da dabino. Da magana ta yi nisa fara'ar ta janye. Ya saurara yana jan carbi, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji Mahmudu, ka kyauta da ka faɗa. A addini babu abin da ya hana auren nan, na sani, ni nake karantar da shi." Ya gyara zama. "Amma gidanmu yana da yadda ya saba. Zan yi shawara da 'yan'uwa."

Bai rako shi bakin mota ba.

Kwana huɗu babu labari. Hajiya Fatsuma ta daina ƙirga anko, ta kuma daina yi masa magana sai ta dole. Ƙannensa biyu suka zo suka yi masa faɗa, ɗaya ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ya je ya tono abin da babu wanda ya aike shi. Muhibba tana fita aiki tana dawowa, tana gaishe shi kamar kullum, abincinta kuwa yana komawa kicin yadda aka kawo shi. Nabil ya roƙi mai ɗab'i ya ƙara musu mako.

A rana ta biyar mahaifin Hanif ya zo shi kaɗai, mutum mai sanyin hali da bai saba tsallake maganar yayansa ba. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a kan kafet.

"Yaya ya ce ba zai karɓi auren ba, ba kuma zai zo ba. Wasu za su bi shi. Hanif kuwa ya ce mini in ba ita ba, kada in sake yi masa maganar aure." Ya yi ɗan murmushi mai gajiya. "Na kwana biyu ina neman abin da zan faɗa wa Allah in na hana, ban samu ba. Rana tana nan yadda aka sa ta. Ƙanena zai karɓa."

Da ya tafi, Alhaji ya zauna ya rubuta shafin a zama ɗaya. Ya kai lambu ya karanta wa Malam Lawan, don shi ajami ya iya, ba boko ba. Shafin ya ce Gawasa sunan itaciya ne, ya zama sunan gari, wani malamin elementare ya liƙa shi ga yaro ɗan shekara takwas, Tanko ɗan Mato da Ladi, wanda aka tura makaranta a madadin ɗan dagaci, da sunan ɗan dagacin. A kan wanda aka ɓoye, layi ɗaya ne: ya rayu da mutuncinsa, ya yafe sunan, Allah ya saka masa.

Lawan ya sa aka maimaita masa layin ƙarshe. Ya gyaɗa kai.

"Ya yi. Sai dai bai yafe duka ba. Har ya rasu yana mitar rigar nan da aka sa wa babanka. Sabuwa ce fil, ta Sallah, ko sau ɗaya bai sa ta ba."

Suka yi dariya su biyu, har Alhaji ya cire tabarau yana goge ido.

"Sunan fa? Mu ajiye muku kayanku?"

"Mu kai shi ina? Mu ba mu taɓa rubuta shi a takarda ba. Ku riƙe, ku kuka wahala da shi."

An ɗaura auren ranar Asabar da hantsi a ƙofar gida. Layin motoci bai kai inda aka zata ba, kujeru kusan talatin na ɓangaren ango babu kowa a kansu, kowa kuma ya lura. Maroƙi ya ɗaga murya ya fara, "Jikar dagaci, 'yar sarauta," sai Nabil ya matsa ya raɗa masa magana, ya miƙa masa littafin. Mutumin ya rikice, ya koma kirarin likita. Nan da can mutane suna buɗe shafin farko, wasu su ɗago su dubi Alhaji, wasu su rufe da sauri su sa a aljihu.

Da aka gama siga, liman ya ɗaga hannu zai yi wa magabata addu'a, ya duba 'yar takardar da Alhaji ya ba shi. Ya ambaci marigayi Alhaji Abdulƙadir. Ya ambaci Dagaci Isiyaku da ɗansa. Sannan ya ce Allah ya jiƙan Malam Mato da Malama Ladi, kakannin uban amarya, ya haskaka kabarinsu.

Jama'a suka amsa. Alhaji Mahmudu yana sahun gaba, tafukansa a buɗe. Daga can baya, wajen famfon lambu, ya jiyo amin ɗin Malam Lawan, ta ɗan makara, ta fito ita kaɗai bayan ta kowa.